Buapan da Gorar Wutar da Ta Ƙi Saukowa

A ƙauyenmu na Nong Sim, in ka tari namiji ka ce ya gaya maka ma'anar bang fai, hannu zai cilla sama ya yi maka fiii da baki, ya ce, "Wuta mana, wutar da ke tashi!" Maza ke nan, rabin kalma suke ji, rabin da ke da ƙara. Fai dai wuta ce, ba mai musu. Amma bang fa? Bang gaɓar gora ce da aka yanke, gindinta a toshe bakinta a buɗe, abin zuba abu. Da ita ake kai ruwa gona, a cikinta ake gasa shinkafa, a cikinta tsofaffi ke ɓoye tabarsu. Yaran yanzu da ke ɗura albarushi cikin shuɗin bututun roba suna kiransa bang, ko kunya ba sa ji. Mutum ɗaya ce a garin nan ta ɗauki wancan rabin kalmar da gaske, Buapan mai gasasshiyar shinkafa.

Kakarta ce ta rene ta, wata busasshiyar tsohuwa mai jan baki saboda taunar ganye, wadda ba ta iya faɗin magana sau biyu ba. Wata rana maƙwabciya ta aiko musu da miyar kifi a kwano. Buapan tana ƙarama, ta wanke kwanon tas ta ruga za ta mayar. Tsohuwar ta cafko ta a kunne.

"Ina za ki da shi haka?"

"Na wanke, Kaka."

"Na ga kin wanke. Wanki za su ci? Abin zubi in ya shigo gidanki da kaya, ba ya fita wofi. Ko barkono uku ne ki jefa. Kuma ke ma kar ki kuskura ki aika wa wani wofi, zagi ne."

Daga nan ta saki kunnen, ta nuna mata sama da haɓa. Lokacin wata na shida ne, maza na can harabar gidan ibada suna dakan albarushi. Ta ce, "Su ma waɗancan shashashun abin da suke yi ke nan ba su sani ba. Kwano suke aika wa Taen, mai ruwan sama. Shi kuma dattijo ne, ba ya mayarwa wofi."

Buapan ta girma da sana'ar gora. Takan jiƙa shinkafa mai danƙo, ta haɗa da madarar kwakwa da baƙin wake, ta ɗura a gaɓoɓin gora, ta toshe da ganyen ayaba, ta jera a kan garwashi. Duk yankin ba wanda ya kai ta ido wajen zaɓen gora. Da ƙwanƙwasa ɗaya take sanin mai tsaga a ciki. Wannan idon ne ya jawo mata miji, don kuwa Sawang sata ya zo yi. Saurayi ne mai haɗa bang fai, dogo, girarsa rabi a ƙone. Ta kama shi a bayan gidansu yana jan gorar da ta fi kowacce kauri.

"Ajiye, ɓarawon banza. Nawa bang ɗin ana ci a ƙoshi, naka ban da ƙona girar mutane me yake yi?"

"Nawa ne ke kawo ruwan da ke shuka abin da kike zubawa a naki. Ki ce na gode."

"Ka fara nemo sauran girarka tukuna."

Kafin damina ta zagayo an ɗaura musu farin zare a wuyan hannu, sun zama mata da miji. Haka suka rayu, da tsiya da dariya. Ita tana zaɓar masa gora, shi yana daka gawayi da sauran haɗin, yana ɗurawa yana dannawa da tabarya har garin ya yi tauri, sannan ya huda rami a tsakiya, ya ɗaura doguwar gora a matsayin wutsiya. A jikin kowace kuma yakan ɗaure 'yan sarewa na siririyar gora, yadda in ta tashi za ta tafi tana kuka. Sarewar Sawang daban take, yakan bar ɗaya da 'yar tsaga da gangan, sai ta riƙa rawar murya kamar tsohuwa na waƙa. Ko makaho ya san tasa in ta tashi.

A garin nan duk wanda bang fai ɗinsa ya fashe a kan tsanin da ake harbawa daga kai ko ya ƙi tashi, ɗaukarsa ake yi cak a jefa a ramin taɓo, ana kiɗa ana yi masa ihu. Ba a taɓa jefa Sawang ba. Shi yana cewa gwanintarsa ce, kuma har ga Allah gwani ne. Abin da bai sani ba, kowace shekara, da safiyar ranar harbi, Buapan kan ƙulle 'yar loma ta shinkafa a ganyen ayaba ta cusa a tsakanin sarewun. In aka harba, maza suka koma kan giyar shinkafa da rawa cikin zannuwan matansu, ita sai ta sulale ta bi gonaki ta nemo inda gorar ta faɗo. Ba ta taɓa samun shinkafar ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, wuta ce. Abin da ke sa tsikar jikinta tashi shi ne cikin gorar. Abin da ya ci albarushi ya kamata ya dawo a bushe ƙayau, yana warin ƙuna. Nata kullum da ruwa a gindi, kamar cikin tafin hannu, mai sanyi har yana kama haƙori. Wata shekara ma da ɗan talibambam a ciki, yana iyo abinsa. Ta tsorata ranar, ta kuma ji daɗi, irin daɗin wadda babban mutum ya amsa wa gaisuwa. Ba ta gaya wa kowa ba sai aminiyarta Tongbai mai sana'ar dakan ɗanyar gwanda da barkono, wadda ta ce mata, "Ke dai wata rana sai kin jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu."

Sai aka yi farin nan da har yau tsofaffi ba sa son a ambata. Damina ta zo ta yi yayyafi ta wuce, ta bayanta ma ta ɗauko hanyar haka. Rumbuna suka yi fayau. Mutane suka koma tonon rogon daji da kwaɗin da suka ɓuya a busasshiyar laka. Buapan ta daina gashi, don ba abin da za a zuba a gorar. Ramin taɓon ma ya bushe ya tsattsage, sai da aka yi ta jido ruwa daga rijiyar gidan ibada aka kwaɓa shi, wai don kada al'ada ta faɗi. Mutane na kallon ruwan sha ana zubarwa a rami.

A shekarar gari duka ya haɗa ƙarfi a kan bang fai ɗaya, aka ba Sawang. Ana gobe harbi tsofaffi suka zaunar da shi, aka ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, ana kiran kurwarsa ta zauna a jikinsa kada ta firgita ta gudu. Buapan ce ta yi ƙullin da hannunta. Kowa ya san zaren nan ba a kwance shi, ba a yanke shi, sai ya tsufa ya faɗi don kansa.

Da hantsi aka ɗora gorar a kan tsani. Sama fari fat, ko tsuntsu babu. Buapan na tsaye a gindin tsanin hannunta wayam. Ko ƙwayar shinkafa babu a gidanta, irin shuka kuwa yana rumbun gari an sa masa kwaɗo. Sawang ya leƙo daga sama ya ga fuskarta.

"Ke kuma wa ya mutu?"

Abin ya fito mata ba shiri. "Wofi za mu aika masa, Yaya. Ba komai a ciki."

"Wofi? Albarushin da ya ci mini ƙugu wata guda shi ne wofi?" Ya yi dariya, sannan ya taɓa sarewun ya yi tsaki. Ɗaurin mai tsagar ya saki, tana lilo. Ya laluba aljihu ba igiya, masu ganga kuma sun fara gajiya, jama'a na ta "A harba! A harba!" Sai ya sauko taki biyu ya miƙo mata hannu. "To ga tukuici, tunda kin ce sai da kaya. Kwance wannan ki ba ni. Ke kika ɗaura, ke kika san ƙullinki."

Da a ce ta tsaya ta yi tunani ko na numfashi ɗaya ne, da ba ta yi ba. Amma yana dariya, ita ma sai ta yi, har ta ji sanyi a ranta cewa ga abin sawa ya samu. Ta sa farce ta kwance. Ya ɗaure sarewar da zaren, ya sauko, aka sa wa lagwani wuta.

Ba a taɓa ganin tashi irin wannan ba. Gorar ta yi ruri ta miƙe sak, farin hayaƙi na bin ta, muryar tsohuwar nan na rawa tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Jama'a suka ɗaga kai suna jiran a ga inda za ta karkato. Wuya ya gaji. Hayaƙin ya watse. Masu ganga suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya sauko.

Kafin la'asar gabas ta yi baƙi, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fita suna birgima a taɓo, tsofaffi na kuka. Buapan ta ruga ta nemi mijinta ta same shi inda ta bar shi, a gindin tsani, fuskarsa a sama, ruwa na zuba cikin idanunsa bai ko ƙifta ba.

"Yaya, ka ga aikinka! Zo mu tafi gida."

Bai motsa ba. Ta kama hannunsa, ya biyo ta ba musu, yana tafiya kansa a ɗage. Hannun ba nauyi, sai ka ce gorar da ƙwari suka cinye cikinta.

Daga ranar Sawang bai sake magana ba. In an ba shi abinci ya ci, in an zaunar da shi ya zauna. Ba ya ciwo, ba ya rama. Kallon sama kawai yake, ko a ƙarƙashin rufi ne, kuma idonsa na bin wani abu a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, abin da ba wanda ke gani sai shi. Karnuka suka daina shiga gidan. Buapan ta kira Kaka Sida, tsohuwar da ke kamo kurwar waɗanda suka firgita. Ta zo da 'yar komarta ta kamun kifi, da dafaffen ƙwai da ayaba, suka je gindin tsani da rana tsaka. Tsohuwar ta yi ta kamfatar iska tana kira, "Kurwar Sawang, dawo, ga shinkafa ga ƙwai, kar ki zauna a daji, kar ki zauna a rana." Ta kamfata gabas ta kamfata yamma. Can ta tsaya cak, ta dubi komar, ta dubi Buapan.

"'Yar nan, ina zarensa?"

Buapan ta faɗa mata. Tsohuwar ta naɗe komarta.

"Na kamo ta wanda ya faɗa rijiya, na kamo ta wanda ɓauna ta tunkuya. Duk a ƙasa suke. Komata ba ta kai can ba." Ko ƙwan ba ta ɗauka ba ta tafi.

Baƙin cikin da Buapan ta shiga ba ya faɗuwa. Da hannunta ta kwance, kuma tana dariya. Amma ita ba mai zama ta rungume hannu ba ce. A ganinta maganar mai sauƙi ce: an aika kwano gidan dattijo, bai mayar ba tukuna. Zai mayar. Wataƙila ma ya mayar, ya faɗi inda ba a gani ba. Sai ta koma gashin shinkafarta, tunda yanzu ruwa ya wadata har ana kuka da shi, ta riƙa ɗaukar kwandonta tana bin ƙauyuka. Ana ganin talla take, alhali nema take. Duk gonar da aka ce wani abu ya taɓa faɗowa sai ta je. Ta shiga dajin gora, ta leƙa tsofaffin rijiyoyi, ta sa aka hau mata bishiyoyi. Ta tara ƙonannun gorori a ƙarƙashin gidanta, da yake a kan dogayen itatuwa aka ɗora shi, har suka yi tsibi, ba tasa a ciki. Yara suka fara kiranta Inna mai tsintar gawayi.

Da nema ya ƙi, sai ta koma tuni. Mace ta san yadda ake karɓo kwanon da ya daɗe a gidan maƙwabta: ba a zuwa a ce a ba ni kwanona, sake aika wani ake yi da abu mai daɗi, kunya ta sa a haɗo duka biyun. Kowace shekara ta riƙa lallaɓawa tana cusa ƙunshi a bang fai ɗin wasu. Ta aika shinkafa, ta aika zuma, ta aika 'yan kunnen azurfa na kakarta. Gororin suka riƙa dawowa da ɗan ruwan sanyin nan a gindi, shi ke nan. Gashinta ya fara fari. Sawang kuwa yana nan a ƙarƙashin gida a kan gadon gora, tana aske shi, tana yi masa wanka, tana zaginsa yadda ta saba ko zai rama.

"Ɓarawon gora, yau ma ba za ka tanka ba? Girarka ma ta fito tsaf, ba wanda zai gane ka."

Wata rana da hantsi tana yankan gora, wata gaɓa mai kauri ta gangara ta tsaya a ƙafarsa. Sai ta ga hannunsa ya sauka ya ɗauka. Kansa na sama, idonsa na can, amma yatsun suka shafa gorar, suka ƙwanƙwasa, suka auna bakin. Buapan ta ajiye aikinta. Ta tashi a hankali ta kawo masa wuƙarsa. Hannun ya karɓa ya fara fiƙe.

Ta kawo gawayi, ya daka. Ta kawo sauran haɗin, ya auna da tafinsa ba tare da ya duba ba. Kwanaki ana jin tabarya a gidan, dum, dum, mutum na aiki fuskarsa a sama, bakinsa a ɗan buɗe. Masu wucewa suka koma bin ɗaya hanyar. Tongbai ce kaɗai ta shigo, ta tsaya ta kalla, ta ja Buapan bayan rumbu.

"Me za ki sa a ciki?"

"Shinkafa mana."

"Kar ki maida ni 'yar yarinya. Na ga Kaka Sida ta fito daga nan jiya. Nuna mini hannunki."

Buapan ta nuna. Sabon farin zare ne a wuyan hannun.

"Kin haukace! Wallahi kin haukace. Ke kika ce dattijo ne, wane dattijo ne zai riƙe kurwar mutum shekara da shekaru?"

"Wanda aka ba. Shi ya roƙa? Mu muka aika. Na gwada shi da komai, Tongbai, ya nuna mini ba irin kayan ba ne. Abin da ya yi daidai da abin da ke hannunsa shi zai sa ya saki."

"In ya haɗa duka biyun ya riƙe fa?"

"To mun zauna tare muna kallon sama, kya riƙa kawo mana gwanda." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. Ta kama hannun Tongbai ta matse. "Abu ɗaya nake so. In ya dawo, kar ki gaya masa. Kin san shi. In ya ji, washegari zai tsinke nasa ya aika, mu yi ta musaya har mu mutu ba mu haɗu ba. Ki bar shi a wutarsa. Bai taɓa ɗaukar maganar abin da ake sawa a ciki da gaske ba."

Tongbai ta zage ta tas, ta yi kuka, sannan ta yi alkawari.

Ranar harbi aka ɗauko bang fai ɗin Sawang, maza na ɗauka suna kaffa-kaffa, ba mai wasa, ba mai waƙar batsa a kusa da ita. Buapan ta jawo mijinta ta tsayar a gindin tsani. Da aka juya ana neman wuta, ta sa haƙori ta kwance zarenta, ta ɗaure a jikin sarewa. Ba ta ji komai ba. Har ta ɗan ji haushi, ta ce ko duk wahalar banza ce.

Aka harba. Ta tashi sak kamar waccan, ta shige farin sama. Jama'a suka ɗaga kai.

Suka daɗe suna kallo. Sai wani tsoho ya ce, "Ku saurara." Daga can ƙololuwa wani siririn kuka ke saukowa. Ba na sabuwar ba ne, sabuwar sarewunta duk lafiya lau suke, wannan karon bai bar mai tsaga ba. Wannan muryar rawa take yi, muryar tsohuwa mai waƙa, wadda rabon da a ji ta tun shekarar fari. Mata suka janye 'ya'yansu. Kukan ya yi ta ƙaruwa har ya cika filin, sannan wani abu ya faɗo tsakiyar ramin taɓo ya kafe a tsaye.

Ba wanda ya matsa sai Buapan. Ta shiga taɓon har gwiwa. Gorar shekarar fari ce, ta gane tabon da ta yi mata da wuƙa ranar da ta zaɓe ta. Ko launinta bai dushe ba, kuma da ɗumi a jikinta, kamar yanzu aka harba. Zaren ba ya jikin sarewa. Ta leƙa ciki. Cike take da ruwa har baki, mai sanyi, kuma can a gindi ga farin abu a naɗe.

Ta zura hannu ta ɗauko. A nan ne ta fara jin abin. Wani sauƙi ne ya taso mata daga tafin ƙafa, kamar an sauke mata kayan da ta manta tana ɗauke da su. Ba zafi, daɗi ma ne, kuma daɗin ne ya tsorata ta. Ta juya ta nufi tsani da sauri. Wata mata ta tare ta tana kuka tana kiran wani suna, fuskar sananniya ce, amma ba lokacin tuna ko wace ce. Taɓon na riƙe ƙafarta. Wuyanta na son ɗagawa, akwai abin kallo a sama, ta san akwai, ta dafe ƙeyarta da hannu ɗaya ta tilasta wa idonta kallon ƙasa.

Ga dogon mutumin nan a tsaye. Ta kama hannunsa ta zagaya zaren. Sai ta tsaya. Yaya ake ƙulli? Wannan bakin ne ke shiga ƙarƙashin wancan, ko wancan ne? Yatsunta suka yi ta laluba, hawaye na zubo mata don haushi. Ta bar tunani ta bar wa hannun, hannun ya yi abin da ya saba, ya ja ya ƙulle.

Mutumin ya sauke kansa a hankali, wuyan na ƙara. Ya ƙifta ido. Ya dubi taɓon da ke jikinta.

"Buapan? Wa ya jefa ki a taɓo? Ai ba a jefa mata." Muryar a dushe take. "Ke, yaushe kika yi furfura?"

Ta ji an kira wani suna mai daɗi, ta so ta tambayi ko na wace ce. Amma abin nan na sama ya fara tafiya daga gabas, a hankali, sai ta ɗaga kai ta bi shi da kallo.

Sawang bai tuna komai ba tun daga daren da aka ɗaura masa zare. An gaya masa ya yi doguwar jinya, an ce matarsa kuma rana ce ta buge ta. Yanzu shi ke gasa shinkafar, rabi a ƙone rabi ɗanye, mutane na saye don kunya. Shi ke yi mata wanka, shi ke taje mata kai. Ya sa an ɗaura mata farin zare har ya kusa kai mata gwiwar hannu, bai yi amfani ba. Ruwa kuwa bai sake yi mana gardama ba, ko shekara ɗaya.

Kowace shekara yana haɗa bang fai, kowacce ta fi ta bara girma, yana harba wa Taen don ya dubi matarsa. Suna tashi, ba a jefa shi taɓo, kuma duk suna saukowa. Da kansa yake zuwa ya ɗauko. Bana ya kawo tasa har ƙarƙashin gida, inda Tongbai ke zaune tana ba Buapan abinci a baki. Ya kifa gorar a gabanta ya girgiza. Toka ce ta zubo, busasshiya.

"Tongbai, ke kin fi kowa saninta. Na yi mai tsawo, na yi mai kauri, na canza gawayi. Me nake yi ba daidai ba?"

Tongbai ta dubi tsohon zaren da ke wuyan hannunsa, wanda har yau bai tsufa ya faɗi ba. Ta goge wa Buapan baki da gefen zane.

"Ƙara albarushi," in ji ta.